Ranar da Aka Ɗaure Prabin a Falwaya

Tun da Prabin Gurung ya baro garinsu Pokhara ya zo karatun injiniya a birnin Aalborg, can ƙasar Turawa, ba wanda ya taɓa yi masa wata tambaya ta kirki a gidan ɗaliban da yake zaune, sai ranar da Malene, mai ɗakin da ke kallon nasa, tana yanka baƙin burodi a kicin ta ce, ba ta ko ɗago kai ba:

"Prabin, yaushe ne ranar haihuwarka?"

"Asabar ta sama."

"Shekara nawa?"

"Ashirin da biyar."

Wuƙar ta tsaya cak. Malene ta kalli Troels, wani dogo mai jan gemu da ke karatun lauya, Troels ya kalli Asger da ke wanke kofi, Asger ya cije leɓe ya juya baya. Prabin ya ɗauki shinkafarsa da miyar wakensa ya koma ɗaki yana ta juya maganar, ya rasa ta ina ya yi laifi.

Kar a ɗauki alhakin mutanen nan, ba mugaye ba ne. Za su riƙe maka ƙofa, su nuna maka kwandon sharar kwalba da na takarda, su tsuguna cikin sanyi su gyara maka sarƙar keke. Amma su ce maka ina mutanen gida, wa ka baro, wannan kam sai dai ka mutu da labarinka a ciki. Prabin yana da mata, Anjila, da 'yarsu Sristi wadda aka haifa bayan tahowarsa. Hotunansu na manne a bangon ɗakinsa, ɗakin da ba wanda ya taɓa leƙawa. Zoben aurensa kuwa yana cikin akwati, don a gidan abincin da yake wanke-wanke da yamma ba a yarda da zobe. Ya sha ɗauko zancen har bakinsa, sai ya ga kowa ya duƙufa kan farantinsa, ya haɗiye.

Ga kuma abin da ya faru lokacin sanyi. Ya soya tafarnuwa a man da ya taho da shi daga gida, hayaƙi ya tashi, ƙararrawar gobara ta ɗauka, gidan kaf aka fito cikin ƙanƙara, wasu da silifa. Ko hararar kirki ba wanda ya yi masa. Da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi, don da ya san an gama.

Bayan tambayar Malene sai abubuwa suka ƙara rikicewa. Yana shiga kicin hira za ta mutu. Asger ya tare shi a matakala ya ce, "Kana da asma?" Ya ce a'a. Asger ya ce, "Madalla," ya wuce. Washegari Troels ya dafa shi ya ce, "Mutumina, kana da tsofaffin kaya, waɗanda ba za ka yi kukan rashinsu ba?" Ya ce yana da su. Troels ya ce, "To, adana su."

Ranar Alhamis yana neman murfin tukunya ya buɗe kabad ɗin ƙasa. Ledojin garin kirfa ne manya manya a jibge, abin da zai ishi mai gidan burodi shekara. A gefensu ga igiyar shanya sabuwa fil, ga gilashin ninkaya. Ya rufe kabad ɗin a hankali, ya manta da murfin.

Ya kai ƙara wurin Dipendra, ɗan ƙasarsu da suke wanke-wanke tare, wanda ya riga shi zuwa da shekaru kuma ba abin da ba shi da fassararsa.

"Ai magana a fili take, ƙanena," in ji Dipendra. "Warin girkinka ne ya ishe su. Kirfar ta kashe wari ce. Su ba sa korar mutum da baki, sai su yi ta nuna masa har ya gane."

"To igiyar fa, Yaya?"

"Ta ɗaure kayanka mana."

"Gilashin fa?"

Dipendra ya sosa kai. "Wannan ban sani ba. Kai dai akwai katifa a falonmu, mu shida ne, kai na bakwai. Ka ba ni amsa kafin Lahadi, akwai wani yaro da ke nema."

Prabin bai son katifar. A gidan su Dipendra zai ci abincin gida, ya yi yaren gida, ya yi barci cikin munsharin gida, har ya gama karatu ya koma bai san ya zo wata ƙasa ba. Shi so yake ya zauna inda yake, a ce shi ma ɗan gidan ne. Amma zama inda ba a son ka akwai ciwo. Daren Juma'a ya sauke hotunan bango ya sa a jaka, ya sake fiddo su, ya sake mayarwa.

Asabar da hantsi aka buga masa ƙofa. Yana buɗewa ya ga mutanen gidan duka a tsaye, kowa da 'yar tutar ƙasar a hannu, ja da fari, suna rera wata waƙa suna kwaikwayon busa algaita da hanci. Troels ya ce, "Tsofaffin kayan nan, maza sa su."

Ya sa. Me zai yi? Suka tasa shi gaba har bakin titi, inda ake jingine kekuna. Asger ya manna bayan Prabin da falwaya, Troels ya shiga zagaye shi da igiyar shanya, Malene ta zare wayarsa daga aljihu ta ce kar ta jiƙe, sannan ta ɗaura masa gilashin ninkaya ta gyara masa zamansa a hanci da kulawa, kamar uwa na shirya ɗa makaranta.

"Don Allah ku tsaya," in ji Prabin. "In maganar ƙararrawar nan ce, na ce ku yi haƙuri."

"Wace ƙararrawa?" in ji Malene.

"In tashi kuke so in yi, ku faɗa mini kawai. Na ma samu wuri."

"Tashi zuwa ina? Rufe bakinka, gari zai shiga."

Bokitin ruwan sanyi ya sauka a kansa. Kafin ya gama jan numfashi Asger ya farke leda ya juye masa. Duniya ta koma ruwan ƙasa. Kirfa a gashi, kirfa a kunne, kirfa a wuyan riga tana gangarawa. Ta gilashin yana hango wata tsohuwa ta tsayar da kekenta, ya ce a ransa ga mai ceto ta zo. Tsohuwar ta ɗaga masa hannu ta ce, "Barka da shekara!" ta hau kekenta ta tafi.

"Me na yi muku?" ya faɗa yana tofar da gari.

Troels ya riƙe ciki don dariya. "Abin da ba ka yi ba dai! Al'adarmu ce a nan, shekara ashirin da biyar ba aure, ai sai kirfa. Haka aka yi mini bara, a falwayar nan, sati biyu ina ƙamshin kek. Ba kowa muke yi wa ba fa. Wancan na ɗakin ƙarshe ko ledar shayi ba za mu ɓata a kansa ba. Tun ranar da ka faɗi shekarunka muke haɗa taka."

Sai a lokacin Prabin ya gane. Ashe raɗe-raɗin nan duk nasa ne. Ashe asmar da aka tambaya don kar a cutar da shi ne. Wani daɗi ya kama shi, tsoro ya biyo bayansa. In ya ce yana da mata, kwance shi za su yi, su ba shi haƙuri cikin ladabi, kowa ya koma kan farantinsa. Abu ɗaya da suka taɓa yi dominsa, shi ma bisa kuskure ne. Sai ya ja bakinsa ya yi gum, aka juye masa leda ta biyu.

Wayar ta yi ƙara a hannun Malene.

"Wata Anjila ce, kiran bidiyo. Ƙanwarka ce? Bari ta ga yadda ka yi kyau."

"Kar ki..."

Ta riga ta danna, ta saita masa wayar a fuska. Anjila ta bayyana da jan ɗigo a goshi, Sristi a cinyarta an sa mata rigar biki. Murmushin da ta shiryo ya ɓace.

"Baban Sristi! Wa ya ɗaure ka? Me ka yi musu? Ƙasa ce suka zuba maka?"

"Kirfa ce."

"Kirfa? Ta girki?"

Da yarensu suke magana, amma ba sai an fassara wa kowa ba. Sristi ta ga dodo mai gilashi ta callara kuka. Malene ta leƙa wayar, ta kalli jaririyar, ta kalli hancin Prabin da ke leƙowa ta cikin gari.

"Prabin, wace ce wannan?"

"Matata ce. Da 'yata."

Asger na riƙe da leda ta ƙarshe a sama, ya sauke ta a hankali. Kunnuwan Troels suka yi ja fiye da gemunsa.

"Kana da mata, har da 'ya, ka bari muka... Me ya hana ka faɗa mana?"

"Ba ku tambaya ba."

"Ya za a yi mu tambaya?" in ji Malene. "Mutum bai kawo zancen iyalinsa ba sai ka kama tona shi? Mun ɗauka ba ka son maganar ne. Ni har cewa na yi kar kowa ya dame ka."

Prabin ya dube ta ta gilashin da ya yi dishi-dishi. Watanni yana kwana da ciwon shirunsu, su kuma suna can suna lallaɓa nasa shirun. Ya rasa ko dariya zai yi ko kuka, kuma ko wanne ya yi kirfa ce za ta shiga masa baki.

Troels ya tsuguna ya fara kwance ƙullin igiyar. "Ka yi haƙuri, mutumina. Mun yi shirme."

"Bar ta," in ji Prabin.

"Ai kai ba ka cancanta ba."

"Kun saya da sunana ko ba ku saya ba? Saura leda ɗaya. Ku ƙarasa."

"Baban Sristi, ka yi mini magana mana," in ji Anjila daga wayar. "Su wane ne waɗannan?"

"Mutanen gidanmu ne," ya ce mata. Sannan ya juya ga Malene. "In kin gama gaisawa da ita, nemo Dipendra a wayar, ki rubuta masa ya ba yaron katifar."

"Wace katifa kuma?" in ji Malene. Ba ta jira amsa ba, ta riga ta juya wayar tana kaɗa wa jaririyar 'yar tuta. "Ya sunanta? Watanta nawa? Ta fara haƙori?"

Prabin ya fara amsawa, Asger ya ce ya rufe baki tukuna, ya juye masa ledar ƙarshe.