Ƙafar Da Aka Yi Wa Alkawari

Gyambon Dona Altina ya riga ni fara aiki a ƙauyenmu. Tun ina 'yar makaranta nake ganinta da tsumma ɗaure a ƙafar hagu, saman idon sawu ta ciki, ƙudaje na bin ta. Da na dawo daga koyon aikin jinya, aka danƙa mini ɗakin shan magani da wani tsohon babur, na tarar gyambon ya kai faɗin tafin hannuna. Tsayuwar da ta sha a gaban tandar suyar garin rogo ce ta jawo shi, ga haihuwa a kai a kai. Jijiyoyin ƙafar sun saki, jini ya sauka ya kasa hawa, ƙafa ta kumbura, fata ta yi baƙi ta fashe.

Babu abin da ba ta zuba masa ba. Ruwan ɓawon kashu, garin gahawa, sukari, toka, har kitsen kaza. A ƙauyenmu kowa likita ne muddin ciwon ba a jikinsa yake ba.

Likitan da ke zagayo mana wata-wata ya duba ƙafar, ya ce jini yana isa har yatsu, saboda haka a naɗe ta. Naɗi kuwa aikina ne, kuma ba yabon kai ba, na iya. A wanke miki, a ɗauko bandeji mai farin magani kamar ƙullu, a faro daga gindin yatsu har ƙasan gwiwa. Sai a bi da wani mai talewa, a matse a idon sawu, ana hawa ana ɗan sassautawa, don jini ya koma inda ya fito. Ba a kwancewa sai mako ya zagayo, ba a bari ya jiƙe. Mai ciwo ya riƙa tafiya, in ya zauna ya ɗaga ƙafa.

"Wannan ai ɗaurin buhu ne, Ivonete," in ji ta ranar farko. "Ciwo iska yake so, ke kuma kin toshe shi."

"Iskar da ya yi shekara da shekaru yana sha, me ta tsinana masa, Dona Altina?"

Mijinta, Seu Leôncio, ya tuntsire da dariya daga bakin ƙofa. Kafinta ne, siriri kamar sanda, bakinsa ba ya hutawa. "Matse ta da kyau, ɗiyata. In da saura ki naɗa mata a baki."

"Ji tsohon banza! Wa ya kai ka surutu a garin nan?"

Haka suke tun da na san su. In ka shiga gidan ka ji shiru, to ɗayansu ba ya nan.

Makonnin farko mun sha fama. Ƙaiƙayi ya hana ta sakat, ta rantse sai ta yanke bandejin, Seu Leôncio ya ɓoye almakashi a cikin buhun wake. Shi ya sake ɗaure ragar da take kwanciya a ciki, wajen ƙafa ya fi wajen kai tudu. Shi ke sa mata leda a ƙafa in za ta yi wanka. Da yamma kuma ya riƙo hannunta su taka har bakin tafki su dawo, tana zaginsa yana cewa a matsa amarya za ta wuce. Ni dai ban taɓa samun mai taya ni jinya kamarsa ba, kuma ina son tsohon nan har raina.

Wata rana na kwance naɗin, sai ga gefen mikin ya yi ja mai kyau, wari ya ragu. Na kira shi ya gani. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire malafarsa, ya juya wajen hoton waliyyi São Francisco da ke rataye a bango.

"Ka ji ni da kyau, São Francisco. In ramin nan ya rufe, ni Leôncio zan taka daga ƙofar gidan nan har ƙofar cocinka a garin Canindé, da ƙafar katako a kafaɗata. Kuma ƙafata ba takalmi, ba safa, ba ko zare, yadda uwata ta haife ta!"

Ya ɗaga busasshiyar ƙafarsa sama yana kaɗa yatsu. Dona Altina ta yi dariya har da hawaye.

"Kai da ko bayan gida ba ka zuwa ba takalmi? Ƙaya ɗaya za ta dawo da kai kana kuka."

"To madalla," na ce. "Ni ke durƙuso, ni ke shaƙar wari, waliyyi ke karɓar godiya."

"Kada ki damu, ɗiyata. Ke ma zan sayo miki mazarƙwaila," in ji shi.

Na san maganar safa da zare ya ƙara ta ne kawai don ya sa matarsa dariya. Ina wurin, na ga idonsa.

Damina ta zo ta wuce muna kan naɗi. Mikin ya koma kamar murfin kwalba, ya koma kamar ƙwayar wake. Ranar da na kwance naɗin na tarar ya rufe ruf, sai da na fita bayan ɗaki na share hawaye, don ba na son a ga raunina. Sabuwar fatar siririya ce, tana ƙyalli kamar ɓawon albasa. Na ba ta doguwar safa mai matsewa, na ja mata kunne: kullum da safe kafin ƙafa ta taɓa ƙasa, har ƙarshen rayuwa. In ta yi wasa ƙafa ta sake kumbura, fatar nan ba za ta jure ba.

Seu Leôncio ya samo itace mai taushi ya sassaƙa ƙafar, don a wajenmu siffar gaɓar da ta warke ake kai wa waliyyi godiya. Da igiya ya auna ta matarsa don su zo daidai, ya ƙwaƙule rami a saman idon sawu, ya shafa masa jan fenti. Ya jingine ta a ƙarƙashin hoton, yana jiran bikin waliyyi a watan Oktoba, lokacin da ayarin masu cika alkawari ke tashi.

Saura 'yan makonni bikin, da hantsi, ya fita ba awaki dusa ya yanke jiki ya faɗi. Kafin in iso a kan babur ya cika.

Bayan addu'ar bakwai na je duba ƙafar. Gidan shiru. Na same ta a tsakar gida tana kai da kawowa a kan tsakuwa, ba takalmi, ba safa.

"Dona Altina, ina safar?"

"Tana ɗaki. Koya wa ƙafa ƙasa nake yi."

Nan take na gane. A wajenmu kowa ya taso da jin cewa wanda ya mutu da alkawarin waliyyi a wuyansa ba ya samun kwanciyar kabari sai wani nasa ya sauke masa.

"Ba ke kika yi alkawarin nan ba."

"Don ƙafar wa aka yi?"

"To ki kira ɗanku Valdeci ya zo ya yi, ai ubansa ne."

"Valdeci yana can birnin São Paulo. Ya ce zai aiko a ɗaukar mini mota. Mota Leôncio ya ce?"

Na danne zuciyata na sauko. Na ce na yarda ta yi tafiyar, tafiya ma magani ce ga irin ƙafarta. Amma ta sa safar. In ba ta son safa, in naɗa mata bandeji, in bar yatsu da diddige a waje su taɓa ƙasa yadda take so.

"Ba takalmi, ba safa, ba ko zare," in ji ta. "Kina wurin."

"Wasa yake yi! Don ki yi dariya ya faɗa!"

"Da ni yake wasa. Da waliyyi ba ya wasa, ai kin ga ya cire malafa."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce mata kwana da kwanaki a kan titi cikin rana, ƙafa ba matsi, kumbura za ta yi. Fatar za ta tsage. A shekarunta kuma, in ya sake buɗewa, ba ni da tabbacin zai ƙara rufewa. Na ce wahalar da mijinta ya sha a kan ƙafar nan za ta zubar a titi. Na yi kamar in ari baki.

Ta bari na gama tsaf. "Na sani, ɗiyata. Ba yau na fara zama da ciwon nan ba, na san halinsa fiye da ke. Amma mutumin nan bai taɓa barina na kwana da ƙaiƙayi ni kaɗai ba. Yanzu ni in yi barci da lafiyayyar ƙafa, shi yana can a tsaye?"

Na ɗauko Fada, limamin cocinmu, da kaina a bayan babur. Mutum ne mai haƙuri. Ya zauna ya sha gahawa, ya ce mata Allah ba ya bin mamaci bashin tafiya, kuma shi a matsayinsa ya sauya mata alkawarin: ta je a mota, ta kai ƙafar katakon, ta kunna kyandir, shi ke nan. Ta yi masa godiya, ta sumbaci hannunsa, ta ƙara masa dambun masara. Da zai tafi ta ce, "Fada, ka yi haƙuri, amma ba da kai aka ƙulla ba."

Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Ayari ya tashi da sassafe, ta sa doguwar riga ruwan ƙasa irin ta masu cika alkawari, ta saɓa ƙafar katako a kafaɗa. Ban fita rakiya ba. Na tsaya a tagar ɗakin magani ina kallonta har ta sha kwana, raina a ɓace, ina jin haushinta, ina jin haushin mamacin da dogon bakinsa.

Aiki bai bar ni na bi su ba, ga masu ciki, ga allurar yara. Amma ranar da za su shiga Canindé na rufe ɗakin, na ɗaure akwatin aikina a bayan babur na kama hanya. Na cim musu a bakin gari. Ayarin ya yi gaba, ita ce a ƙarshe, wasu mata biyu na tafe a gefenta ba su taɓa ta ba, don ta hana. Tun daga nesa na ga ƙafar. Ta kumbura ta yi suntum, ruwa na gangarowa daga idon sawu, ƙura ta manne a kai. Ƙudajen ma sun dawo.

Na kashe babur na sauka ina turawa a bayanta.

A gefen cocin akwai ɗakin da ake ajiye kayan alkawari. Ƙafafu ne na katako tuli guda, da hannaye, da kawuna, da hotunan yara. Ta kutsa cikin jama'a har gaban tulin. Ta sauke tata, ta goge mata ƙura da bakin riga, ta ajiye a hankali.

"Ga ta nan, São Francisco," ta ce. "Leôncio ne ya aiko. Ya so zuwa da kansa." Ta shafa ƙafar katakon. "Kai kuma tsohon banza, sai ka kwanta haka nan."

Masu zuwa a bayanta suka ɗora nasu a kai. Kafin mu juya na daina gane wacce ce tamu.

A waje ta samu matakala a inuwa ta zauna, ta miƙo mini ƙafar.

"To, ɗiyata. Yanzu naɗa."

Na durƙusa na buɗe akwati. Da na wanke ƙurar na ga abin da nake tsoro. Fatar ta tsage daga gefe zuwa gefe, ramin ya fi na da faɗi, ga wani sabo ya ɓullo a ƙasansa. Tafin ƙafar kuwa duk ya sale. Aikinmu na wata da watanni, ni da Seu Leôncio, babu ko alama. Na faro daga gindin yatsu, ina naɗi hawaye na ɗiga a kan bandejin da na hana kowa ya jiƙa.

Ƙararrawar coci ta kaɗa. Ni da na gama tsiya a kan waliyyi da godiyarsa, sai na tsinci kaina na ɗaga ido ina kallon ƙofar cocin, leɓena na motsi. Na fara cewa a raina, in ka sake rufe mata shi, ni Ivonete zan...

Ta damƙe haɓata da hannu ta juyo da fuskata.

"Kul! Na ga bakinki."

"Addu'a kawai nake yi, Dona Altina."

"Yi addu'arki, amma kada ki ɗaukar mini alkawarin komai. Ke da ke yawo a kan wannan mataccen babur? In kika faɗi kika bar mini shi, da wace ƙafar zan biya?"