Wanda Bai Miƙe Ba

"Ɗaga ƙafar mana, Manong, ko so kake mota ta tafi ta bar mu?"

Ni ke sa masa takalmi, Piko na tallabe da kafaɗarsa. Manong Sebyo, wato yaya Sebyo a yarenmu, na zaune a bakin gado yana haki kamar wanda ya hau dutse, alhali ko ƙofa bai kai ba. Gadonsa ne kusa da nawa a dogon ɗakin katakon da masu gona suka zuba mu, mu 'yan Ilokos da muka ƙetaro teku noman latas a kwarin Salinas. Duk tarin da ya yi tun farkon bazara, a kunnena ya yi shi.

"A bar tsohon nan ya kwanta yau," in ji Piko.

"Ya kwanta a ina? A titi?"

Piko ma ya san doka. Gado na mai aiki ne. Duk wanda motar safe ta tafi ta bari, kafin yamma an naɗe bargonsa an ajiye masa a bakin hanya. Manong kuwa ba mata, ba ɗa, ba kowa a wannan gefen teku sai mu.

"Ku daina yi mini makoki da raina," in ji shi. "Ba duƙawa ba ce? Na fi ku iyawa. Miƙewar ce na manta yadda ake yi."

Gaskiya ya faɗa. Fartanyar da ake ba mu, ƙotarta ba ta kai kamu ɗaya ba. Ba don ta fi kyau aka zaɓe ta ba, sai don foman, Mista Dunlap, ya tsaya a gindin motarsa ya hango gona gaba ɗaya: wanda ya duƙa aiki yake, wanda ya miƙe ɓarawo ne. Na tsani fartanyar nan fiye da yadda na tsani mutumin.

To, da ita muka yi dabara. Muka sa Manong a kunyar tsakiya, ni dama, Piko hagu. Muna rage tsiron latas a namu layin, mu miƙa hannu mu rage nasa. Shi aikinsa kawai ya duƙa, ya riƙa jan jiki yana bin mu. Haka muka yi ta yi har aka ci rabin wata.

Ran nan hazo bai washe da wuri ba. Piko na ta tsokanarsa don kada ya yi barci.

"Manong, ranar Asabar sai gidan rawa. Baturiyar nan mai jan gashi tana cigiyarka."

"Ce mata ta zo nan. In ta duƙa za mu ga juna."

Muka yi dariya ƙasa-ƙasa. Can Manong ya kira ni da sunan da yake kirana, ƙane. "Ading, yau da dare ka dafa shinkafar ta yi ruwa-ruwa. Kada ka sa busasshen kifin nan, ya ishe ni."

Na ce to. Muka ci gaba, sara, taku, sara, taku. Sai da na yi nisa na lura ba na jin hakinsa. Na leƙa ta ƙarƙashin hammatata. Yana baya, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, goshinsa a kan ƙotar fartanya, hularsa ta rufe fuskar. Na koma da rarrafe na taɓa wuyansa. Jijiyar ba ta bugawa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Bayana ya yi ƙara, idona ya yi duhu. Piko ya gan ni, ya cire hula, ya miƙe. Sai na kusa da shi, sai na gaba, har gonar ta cika da mutane a tsaye, abin da ban taɓa gani ba.

Mista Dunlap ya taho yana tsallake kunyoyi, yana ihu.

"Yajin aiki ne? Wa ya ce ku tashi? Ku dubi tsohon nan, ku ji kunya! Shi kaɗai ne ke aiki a cikinku!"

Ya iso, ya leƙa fuskar tsohon. Ya cire hularsa, ya mayar. Sannan ya dubi rana.

"Ku kai shi inuwa. Mota ba za ta koma ba sai yamma."

Muka ɗauke shi, ba nauyi ko kaɗan. A gindin itatuwan turare da ke tare iska muka kwantar da shi. Mun so mu miƙar da shi, bayansa ya ƙi, dole muka bar shi a gefe ɗaya, gwiwoyi a ƙirji. Piko ya yi masa alamar gicciye, yana kuka kamar yaro. Ni haushi ne ya cika ni, hawayen ma suka ƙi zuwa.

"To, ya isa," in ji Mista Dunlap a hankali.

Muka dubi juna. Kowa na da gadon da yake tsoron rasawa. Ɗaya bayan ɗaya muka duƙa.

Har yamma, duk sa'ad da na juyo a ƙarshen kunya ina hango shi ta tsakanin ƙafafuna. Inuwar ta matsa ta bar shi a rana, iskar teku na kaɗa gefen rigarsa.