Kwamfutar Falon Inna

Auta ma'aikacin kwamfuta ne a wani kamfani mai nisa da gida. Da ya ga kewar jikoki na damun mahaifiyarsa, sai ya ajiye mata tsohuwar kwamfuta a falo, ya haɗa ta da intanet. Daga inda yake, in ya danna wayarsa, saƙo zai bi layi ya kunna kwamfutar, hotunan yara su yi ta wucewa a kan allo.

"Inna, ba ruwanki da maɓalli," ya ce. "Ni zan riƙa kunna miki kullum da safe. Kada dai ki zare wayar bango."

Haka kuwa aka yi. Da fankar cikin kwamfutar ta fara ƙugi, sai Inna ta jawo kujera da kofin shayinta, ta ce, "To, Auta ya tashi, ya tuna da ni."

Amma kun san aiki. Yau ya makara, gobe ya manta. Sai ya saita wata na'ura a ofis ta riƙa aika saƙon da kanta kowace safiya. Bai faɗa wa kowa ba. Shi a ganinsa dabara ce.

Da ya zo hutu, yana zaune yana karyawa, hannu ɗaya da kofi, ɗaya da burodi, sai ga maƙwabciya ta shigo, mace mai baki kamar rediyo.

"A'a, ga ɗan albarka! Kullum uwarka sai ta yi mana gori da kai. Nawa 'ya'yan ko kira sai na roƙa, kai kuwa ko rana ɗaya ba ka taɓa fashi ba."

Ba ta rufe baki ba fanka ta ɗauki ƙugi. Allo ya kawo haske, ga jika yana dariya da giɓinsa. Wayar Auta kuwa tana can kan talabijin tana caji.

Maƙwabciya ta dubi wayar, ta dubi hannayensa. "Ikon Allah! Da ido kake kunnawa?"

Auta ya ajiye burodin. Ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Inna ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ce, "Tun kafin ki shigo ya danna. Takan yi nauyin tashi, ta tsufa kamar mu."

Da maƙwabciya ta fita, ya buɗe baki. "Inna..."

"Sha shayinka, zai huce."

Ba ta jawo kujerar ba ranar. Ta ɗauki mayafin da take rufe kwamfutar da shi, ta tsaya tana ninke shi, ta warware, ta sake ninkewa.

"Tun yaushe?" ta ce, ba ta dube shi ba.

"Tun bara."

Ta gyaɗa kai. "Ashe ita nake ta sa wa albarka."

Ya miƙe ya ɗauko wayar, ya soke saitin a gabanta.

"Yanzu wata ran ba za ta kunnu ba, Inna."

"Na sani," ta ce. "Ran da ta kunnu dai, na san kai ne."