Waƙar Wanzami Mai Tsoron Jini

Talata, ƙarfe huɗu da kwata, an toshe tagogin zauren makaranta da barguna... karo na bakwai ke nan ina sa Malam Haladu mai majigi ya kawo fim ɗin nan Birnin Kudu. Wai don ɗalibai.

Ga wanzamin, matsoracin, yana rawa da aska a hannu, yana waƙa yana kauda kai daga ƙeyar da ya yanka. ’Yan mata sai dariya suke. Ni jira nake. Kullum bayan amshi na biyu, ta hagu, bayan mai tallan goro — kai ne, Maikano, ƙanena, da kalangu a hammata. Daƙiƙa tara. Na auna da agogona.

Ba mu da hotonka ko ɗaya. Baffa ya ce ɗan Fulani ba ya kiɗa, ya ce in ɗauko biro tunda ni ce ’yar boko... in rubuta maka, kada ka sake taka garinmu Kwandiko. Na rubuta. Ban goge ko harafi ba, kullum ana yabon rubutuna. Me ya hana hannuna rawa? Sai motar itace ta kife da kai a hanyar Kano, sai saƙo, har an binne ka.

A fim ɗin dariya kake yi. Da wa?

Duk zuwa sai na ce, Malam Haladu, a maido waƙar. Ya maido. Tun karo na uku ya ce, Malama, zaren fim ɗin ya yi laushi a wurin nan, haƙoran inji suna cinsa. Na ji shi sarai. Na ce sau ɗaya kawai. Sau ɗaya... sau ɗaya nawa?

Yau ga amshi na farko. Numfashi. Amshi na biyu — ga mai goro, ga faifansa —

Wanzami a ƙasa, ya suma. Yaushe ya faɗi? Ai sai kalangu ya amsa masa tukuna. Waƙar ta yi tsalle, babu yarinyar da ta lura, suna ta tafi. Ina hagu? Ina...

Ni ce. Ba inji ba, kallona ne ya cinye wurin.

An yaye barguna. Malam Haladu ya ce ranar Asabar fim ɗin ya tsinke a Zandam, ya yanke kamu biyu ya liƙe. Guntun ya bar shi can a filin kasuwa.