Ranar da Baba Kefas Ya Daina Jan Waƙa

Shekara ashirin da bakwai Baba Kefas ya yi yana jan waƙa a wani ƙaramin cocin 'yan arewa da ke bayan layin dogo a Agege. Daga wani ƙauye kusa da Kafanchan ya zo Legas yana saurayi, ya kama aiki a kamfanin ƙera tukwane a Ilupeju, ya tsaya gaban inji har kansa ya yi furfura. Ranar Lahadi kuwa shi ke miƙewa da littafin waƙoƙi a hannu, ya faɗi lamba, ya ɗaga murya, jama'a su amsa. Ba wani kiɗa sai tulu da caki na zumuntar mata.

Sai matasa suka shigo da kibod da jita da ganguna. Yawancinsu haihuwar Legas ne, Yarbancinsu ya fi Hausarsu, waƙoƙinsu kuma rabi Turanci, layi ɗaya a yi ta nanatawa har ƙafa ta gaji da tsayuwa. Mai riƙe musu makirfo kuwa 'yarsa ce ta uku, Rahila, wadda ke aikin jinya a Mushin. Wannan ne ya fi ci masa rai.

Wata takwas ana ja-in-ja. Shi yana cewa an mai da ɗakin Allah gidan rawa, waƙar da ba ta koya wa mutum komai ba kuma ihu ce kawai. Su kuma suna cewa tsararrakinsu duk sun koma manyan coci-cocin Ikeja, in aka ci gaba a haka nan gaba sai dai Fasto ya yi wa benci wa'azi. A gida har ya daina yi wa Rahila magana, in ta gaishe shi ya amsa a taƙaice.

Wata Asabar da rana Fasto ya tara dattawan ikilisiya a yanke magana. Baba Kefas ya tafi hankalinsa kwance, don ya san amininsa Barnaba na bayansa. Mota ɗaya ta kawo su Legas, ɗaki ɗaya suka zauna kafin kowa ya yi aure. A wurin taron ya ga kamar kowa ƙasa-ƙasa yake magana, bai kama duk abin da aka ce ba. Ƙarshen dai ya ji shi, don Fasto ya matso kusa ya maimaita masa: matasa za su riƙe waƙa, za a bar tsofaffin waƙoƙi biyu a kowace sujada, amma Rahila ce za ta ja su. Aka ce a ɗaga hannu. Bakwai suka ɗaga cikin takwas, har da Barnaba, wanda ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Baba Kefas ya miƙe. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ya tarar da Rahila a ƙofar ɗaki tana jiransa. Ta durƙusa, ta ce akwai abin da take so ya saurara. Ta kunna waya ta miƙa masa. Ya kara a kunnen dama, ya ce ba abin da ke fitowa. Ta ƙure muryar wayar, ta mayar masa kunnen hagu.

Sai ya ji wani tsoho ya ɗauko waƙa. Jama'a suka bi shi layi ɗaya, daga nan suka rabu: su suna gaba, shi yana baya, muryarsa na hawa inda ya kamata ta sauka. Mata suka yi ƙoƙarin jiransa, suka kasa, ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru. Tsohon bai sani ba, ya ci gaba shi kaɗai da ƙarfinsa har ƙarshen baiti.

Ya tambaye ta wane ne wannan.

"Kai ne, Baba."

Ya ce tun yaushe. Ta ce an kusa shekara biyu, ba wanda ya iya buɗe baki ya faɗa masa. Ta ce matasa sun daɗe suna son kiɗansu, wannan gaskiya ne, amma Baba Barnaba ne ya fara roƙonsu su kawo kibod, don jama'a su sami abin bi ba tare da an kunyata shi ba.

Ya zauna a kan benci. Ya jira fushi ya zo, ko kunya, bai ji ko ɗaya ba. Ya tuna ranar da ɗan okada ya kusa buge shi da babur a bakin kasuwa yana ta zagi, shi kuma yana rantsuwa ba a yi oda ba. Ya miƙa mata wayarta, ya ce ta kawo masa ruwa.

Ranar Talata ta kai shi wurin likita. Aka ce kunnen dama ya kusa mutuwa, na hagu saura rabi, ƙarar inji ce ta cinye su. Aka yi maganar na'urar da ake maƙalawa a kunne. Ya ce to.

Lahadi ya zauna a benci na huɗu. Barnaba ya zo ya gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Matasa suka yi nasu, yana kallon bakuna na motsi, hannaye a sama, yana jin ganga a ƙirjinsa. Har yanzu bai ga abin da ke cikin waƙoƙin ba, sai dai ba wanda ya tambaye shi. Da aka zo kan tsohuwar waƙa Rahila ta faɗi lamba ta ɗauka. Ya san kowane baiti da ka, amma bai san inda suke ba, don haka bai buɗe baki ba.

Da aka tashi suka kamo hanyar gida tare, tana tafiya ta hagunsa. Suka tsaya motocin haya na danfo biyu suka wuce, sannan suka tsallaka titi. Ta sunkuyo ta tambaye shi ko ta ja waƙar daidai.

"Ban sani ba," ya ce.

Suka yi 'yar tafiya. Sai ya ce ta tsaya wurin Gambo mahauci ta karɓo nama, shi zai yi gaba.