Hannun da Ya Daina Fizga

Tun muna samari nake shiga kwalekwale da Delbert, kuma tun lokacin yake ƙona min rai da abu ɗaya: fizga. Kifin da muke kamawa, wanda ake kira kokani, bakinsa taushi gare shi kamar jiƙaƙƙen burodi. In ya kama ƙugiya, lallaɓa shi ake yi har ya zo hannu. Shi kuwa Delbert, da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana saran itatuwa a duwatsun Idaho ta Amurka, da ya ga sandar kamun kifi ta motsa sai ya fizge ta da ƙarfin tsiya, bakin kifin ya yage, mu tashi a tutar babu.

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya samu sauƙi, amma hannun bai dawo daidai ba, ko kofi da ƙyar yake ɗagawa. Da sanyi ya wuce na je na ɗauko shi da sassafe.

"Orval, saurare ni da kyau," ya ce muna hanyar tafki. "In yau ban fito da kifi da hannuna ba, zan ce wa Marlys ta sayar da kwalekwalen. Ba zan zama kaya a cikinsa ba."

Marlys 'yarsa ce, kuma ta daɗe tana jiran wannan magana. Na san in kwalekwalen ya tafi, abokina kujera zai kama ya zauna jiran mutuwa.

"Da lafiyarka ma yaushe ka taɓa fito da kifi?" na ce masa da muka hau ruwa. "Tsoho, rufe mana baki ka miƙo masara."

Na soka ƙwayoyin farar masarar da ta kwana cikin tafarnuwa a ƙugiyoyi, na saki dalma ta ja igiya can ƙasa inda ruwa ke da sanyi, na rage injin muna tafiya kamar ba ma so. Rana ta ɗaga, ba kifin da ya taɓa ƙugiya.

Can sai sandarsa ta girgiza. Na ga kafaɗarsa ta ɗaga, zai yi halin nasa. Ya fizga iya ƙarfinsa, amma hannun ɗan motsi kawai ya yi, daidai irin wanda na yi shekara da shekaru ina roƙonsa.

"Ya tsinke?" ya tambaya.

"Yana nan! Naɗo a hankali!"

"Yo da wane saurin nake da shi?"

Kifin ya yi tsalle sama, fari fat, ya koma, ƙugiya ba ta fita ba. Hannuwana suka yi ta ƙaiƙayin karɓar sandar, sai na zauna a kansu. Sai da ya jawo shi har jikin kwalekwale da kansa, sannan na sa raga na kwaso.

Delbert ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya fashe da dariya har da hawaye. Ni ma daɗi ya kama ni, na juya kamar ina duba injin.

"To, me zan ce wa Marlys?" na tambaye shi.

"Ka ce ta nemo tafarnuwa da yawa," ya ce. "Kai kuma rufe mana baki ka miƙo masara."