Jajayen Ƙwayoyi a Jakar Mubaraka

Allura Gwaggo Zulai take nema a jakata, ranar da na cika kwana uku ina hutu a gidanta a Kalgo, sai ledar jajayen ƙwayoyi ta faɗo. Ta ɗauka ta jujjuya.

"Mubaraka, wanga ba shi aka ba mata wurin awo ba?"

Shi ne kuwa. Haihuwarta takwas, ba ta taɓa ganin maganin ƙarin jini a hannun wadda ba ta da ciki ba. Ni kuma shekarata sha biyar, ga jiri, ga yawan barci.

Na rantse mata cewa saƙon waya ne na kiwon lafiya ake turo wa 'yan ajinmu duk Laraba. Shi ya ce mu ci zogale da hanta, mu daina kora abinci da shayi, wadda cikin idonta ya yi fari ta je asibiti. Na je, aka ba ni.

"Ina saƙon?"

Ina kuwa zan samo shi? Ba ni da waya, lambar Inna na bayar, Inna kuma tana gidanmu a Gwandu.

Gwaggo ba ta daka ta tawa ba, ta yafa mayafi ta tasa ni gaba zuwa tasha. Muka shiga motar Gwandu. Ni kuwa Baba nake tunani, mutumin da ya sa ni makaranta 'yan'uwansa suna ta surutu. Ko ƙishin-ƙishin ya ji, na yi sallama da aji. In kuma an goge saƙonnin fa?

Muna shiga gida Gwaggo ta ajiye ledar a tabarma. "Ki tambayi ɗiyarki."

Ba a goge ba, Alhamdulillahi. Inna ta kira Malama Rahila maƙwabciyarmu, ta karanta su ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya ce jinin al'ada ma yana rage wa budurwa jini. Gwaggo ta yi tsuru-tsuru, ta ce ai gara da ta tambaya. Baba bai taɓa jin zancen ba.

Amma abu ɗaya ya tsaya mini a rai har yau. Inna ce da kanta ta raka ni asibitin nan. Duk da haka, da ledar ta faɗi a tabarma, cikina ta fara kallo kafin ta ɗauko wayar.